Wata Biyu Ina Bin Sawun Zafin Injin Motata

Ranar farko da abin ya faru, tsakiyar watan Maris ne, bayan Azahar. Na ɗauko yara daga makaranta, muka faɗa cunkoso a titin Ibrahim Taiwo daura da Kantin Kwari, inda masu A Daidaita Sahu da masu baro kan cushe hanya har mutum ya rasa ta inda zai saka hancin mota. Mun kai minti ashirin muna tafiyar kunkuru sai babbar 'yata ta ce, "Abba, esin nan fa iska mai zafi yake hurawa." Na kai hannu bakin ramin iskar, na ji gaskiyarta. Ina sauke ido kan mita sai na ga allurar zafi ta bar tsakiya, inda na saba ganinta shekara huɗu, ta doshi ja.

Gabana ya faɗi. Babu wurin fakin, babu hanyar ficewa. Na kashe esi, na sauke gilasai, na kunna hita har ƙarshe, domin na taɓa jin cewa hita ƙaramin lagireto ne da ke cikin mota, yana iya janye wani abu daga zafin injin. Duk wanda ya san ranar Kano a watan Maris ya san abin da muka sha a cikin motar nan. Cikin ikon Allah hanya ta buɗe, na taka mota, kafin mu kai Ƙofar Nasarawa allura ta sauko ta zauna a wurinta kamar ba ita ba.

Motar ƙarama ce ƙirar Japan, 'yar 2006, mai silinda huɗu, 'yar Kwatano da aka fara shiga a Amurka. Ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Washegari da sassafe, injin na sanyi, na buɗe murfin lagireto na ga ruwa ya ɗan ragu, bai kai rabin robar Swan ba. Na ƙara, na duba ƙasan mota ban ga ɗigo ba. Na shiga da ita aiki na dawo lafiya lau. Haka jibi, haka gata. Kwana goma sha ɗaya shiru, har na fara ce wa kaina wataƙila ruwan ne kawai ya yi ƙasa.

Sai ta sake, a layin gidan mai.

Na kai ta wurin bakaniken da nake hulɗa da shi tun ina da babur. Ya buɗe bonet, ya tayar da inji, muka tsaya muna kallo. Bayan ɗan lokaci fanka ta tashi da kanta, ta yi ta juyawa, ta tsaya, ta sake tashi. Ya ce, "Alhaji, ka gani ai fanka lafiyarta ƙalau. Tamostat ne. Abin nan don ƙasar sanyi aka yi shi, mu nan ba ma buƙatarsa. A cire kawai ruwa ya riƙa zagawa." Maganar nan duk mai mota a Arewa ya taɓa jin ta, kuma ana faɗarta da irin tabbacin da ke sa mutum ya ji kunyar musu. Na ce a cire. Ya kwance tiyon ƙasa, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai sifirin kamar murfin buta, ya jefa mini shi a aljihun ƙofa.

Abin da cire shi ya jawo ban gane ba sai daga baya. Da safe allura ta daina hawa tsakiya da wuri, sai in kai wurin aiki tana nan kwance a ƙasa. Mai kuma ya fara gudu. Dalilin shi ne tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumin da aka tsara masa, sannan ta buɗe ya tafi lagireto. Nawa an buga 82 a jikinsa, wato a digiri 82 yake fara buɗewa. Idan babu shi, injin kan daɗe bai yi ɗumi ba, ita kuma kwamfutar motar tana ganin har yanzu da sanyi sai ta yi ta ƙara masa fetur. Na biya kuɗi an cire mini abu mai lafiya, ina kuma biyan wani kuɗin a gidan mai kullum. Duk da haka, da ya magance zafin da na haƙura. Kwana tara aka yi, ta sake hawa a cunkoson Kurna.

Daga nan aka tura ni wurin mai lagireto. Shi kam ya yi aikin da ba zan raina ba. Da ya kwance lagireton ya zuba masa ruwa da ƙarfi ta baya, abin da ya fito ja ne kamar kunun kanwa, da gari-gari na tsatsa. Shekara huɗu ruwan burtsatse nake zuba mata, wani lokacin fiya wata, ban taɓa sayen ruwan lagireto na galan ba don ina ganin almubazzaranci ne. Ya nuna mini yadda ƙurar hunturu da fuka-fukan ƙwari suka liƙe tsakanin lagireto da kondensar esi, kamar an shimfiɗa tsumma. Ya wanke tas. Sannan ya ce in ina son in huta gaba ɗaya in sa dabul sel, wato lagireto mai layi biyu, a kuma haɗa fanka dairek, da an murɗa makulli ta tashi. Na ce ya bari tukuna in ga yadda wankin zai yi. Ba wani ilimi ne ya hana ni ba, aljihu ne.

Mako biyu lafiya. Na uku ta sake.

A nan ne tsoro ya shige ni sosai, domin wani abokin aikina da ya ji labarin ya girgiza kai ya ce, "Malam, Allah ya sa ba tof gaskit ba ne." Wanda ya taɓa ƙona gaskit, shimfiɗar da ke liƙe kan inji da gangar jikinsa, ya san ma'anar wannan addu'a. Kan injin irin waɗannan motoci alminiyam ne, zafi mai tsanani sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi, daga nan sai sauke shi, a kai a goge, a sayi gaskit, mota ta kwana a gareji mako guda. Na koma gida na yi duk gwajin da zan iya yi da hannuna. Na buɗe murfin baƙin mai na leƙa cikinsa, ko zan ga farin kumfa mai kama da shayi da madara, alamar ruwa ya haɗu da mai. Babu. Na zaro sandar awo, mai baƙi ne sumul. Na sa ƙanena ya tayar da mota da asuba ina tsaye a bayan salansa, ban ga farin hayaƙin da ke daɗewa yana fita ba. Na buɗe murfin lagireto tun injin na sanyi, na bar shi yana aiki, ina kallon bakin ko kumfa za ta riƙa tasowa a jere. Ruwa kwance yake. Daga baya wani mai gareji ya yi mini gwajin da ya fi waɗannan ƙarfi, na wani shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto cikin kwalba, wanda kan koma ɗorawa idan hayaƙin inji na shiga cikin ruwa. Ya tsaya shuɗi. Ranar na yi barci mai daɗi, ko da yake har lokacin ban san ciwon ba.

Wani rewaya kuma ya canza mini rile, ɗan makunnin da ke sakar wa fanka wuta, ya ce wani lokacin shi ke maƙalewa. Abu ne mai araha, na amince. Bai canza komai ba.

Abin da ya juya tunanina tafiyar Jos ce, a ƙarshen Afrilu, zuwa ɗaurin aure. Maiɗakina ta so mu bi motar haya, na ce mu tafi da tamu, na cika jarka biyu da ruwa na sa a but. Muka bi ta Kwanar Dangora, Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, Saminaka, Jingir, ido ɗaya a titi ɗaya a kan allura. Mu biyar ne a ciki ga kaya, ga rana, ga hawan da ake yi kafin a shiga Jos, wanda in dai lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji a nan asirinsu ke tonuwa. Allura ko gezau. A hanyar dawowa muka tarar da dogon layi a wani shingen bincike, aka tsaya cak. Minti goma ba a yi ba esi ya fara hura iska mai ɗumi, allura ta bi bayansa.

Da muka iso gida na ɗauki littafin da nake rubuta kuɗin mai, na zauna na rubuta duk lokacin da abin ya faru, iya abin da zan iya tunawa. Sau bakwai. A gaban kowanne na sa wuri, da lokaci, da ko esi na kunne, da ko mota na gudu ko tana tsaye, da tsawon tafiyar da aka yi kafin nan. Da na gama na dubi shafin sai abin ya fito fili. Duk bakwai ɗin mota a tsaye take ko tana jan ciki. Ko sau ɗaya bai faru a kan gudu ba. Duk bakwai ɗin an yi aƙalla rabin awa ana tafiya. Biyar daga ciki esi ne ya fara sheƙar da zafi kafin allura ta motsa. Kuma kowane lokaci da hanya ta buɗe sai ta sauka da kanta.

Mota idan tana gudu, iskar hanya ce ke ratsa lagireto ta sanyaya ruwa, fanka ba ta da wani aiki. Idan ta tsaya, babu mai kawo iska sai fanka. Kuma a motata fanka guda ce ke yi wa lagireto da kondensar esi hidima tare. Littafin yana nuna fanka da yatsa. Matsalar ita ce mutum huɗu sun kalli fankar nan da idonsu tana juyawa, ni ma na gani.

Kawuna, tsohon direban tirela, shi ya kwatanta mini wani dattijon rewaya a wani lungu ta wajen Ƙofar Ruwa. Rumfar kwano ce ƙarƙashin dalbejiya, da benci guda da tarin tsoffin kik da altaneta. Na gaishe shi, na miƙa masa littafin maimakon in fara dogon bayani. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya ɗago ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka rubuta wannan?" Na ce, "Baba, gajiya ce ta sa." Ya ce, "To ka rage mini rabin aiki. Amma ba zan kwance komai ba sai na kama ta tana yi. Kana da lokaci?"

Ya kira wani yaronsa ya kawo ƙaramar na'ura ya cusa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16, wanda ake kira OBD2. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da shi. Na'urar ta haɗu da wayar yaron, sai ga zafin ruwan injin a rubuce da lamba. A nan na koyi wani abu da ya ba ni mamaki: allurar da ke gaban direba ba ta faɗar gaskiya daki-daki. An yi ta ne ta zauna a tsakiya muddin zafin bai fita daga iyaka ba, don kada hankalin direba ya riƙa tashi. Lamba na hawa daga 85 zuwa 95 a waya, allura ba ta ko motsa ba. Ashe duk ranar da na gan ta ta doshi ja, injin ya riga ya yi nisa.

Ranar farko mun zauna daga Azahar har La'asar sakaliya. Lamba ta hau, ta kai wajen 96, fanka ta tashi, lamba ta sauko, fanka ta tsaya. Sau tara Baba ya ƙirga. Aka kunna esi, fanka ta tashi nan take kamar yadda ya kamata. Babu laifi ko ɗaya. Na fara jin nauyin ɓata wa dattijo rana, shi kuwa ko a jikinsa, yana ta gyaran wani kik a cinyarsa. Da zan tafi ya ce, "Gobe kada ka zo kai tsaye. Littafinka ya ce sai an yi tafiya. Ka je Wudil ka dawo da esi a kunne, sannan ka shigo nan, kada ka kashe ta."

Haka na yi. Na iso wajen ƙarfe biyu da rabi, bonet ba ya taɓuwa don zafi. Yaron ya buɗe, aka bar ta tana aiki. Fanka tana juyawa. Ta tsaya, ta tashi. Ta sake tsayawa. Muka jira ta tashi. Yaron yana karanto lamba daga waya: 94, 96, 98. Shiru. 100. Na ji wani ɗan ƙas daga akwatin fis, rile ya kama, amma fuka-fukan fanka suna tsaye cak. 102. Na ce, "Baba, in kashe?" Ya ɗaga mini hannu, "Dakata kaɗan." Ya ɗauko fitilar gwaji, ya maƙala kan wayarta a jikin batir, ya soka tsininta ta bayan soket ɗin da ke shiga motar fanka. Ƙwan ya kama tar. Ya gwada ɗaya wayar, ta ƙasa, ita ma lafiya. Ya ce, "Ka gani da idonka? Wuta ta iso ƙofar gida. Fis ya fita, rile ya fita, sensa ta fita, kwamfuta ta fita. Mai gidan ne ya ƙi buɗewa."

Sai ya juya sukurudireba, ya miƙa ƙotarsa daga nesa, yana kaffa-kaffa da yatsunsa, ya ƙwanƙwasa bayan motar fankar sau biyu. Fanka ta zabura ta hau juyawa da ƙara. Lamba ta tsaya a 104, ta fara gangarowa. Na daɗe ban ji sanyin rai irin na wannan lokacin ba, kusan wata biyu ina neman abu ga shi a gabana.

Da inji ya huce aka kwance fankar, Baba ya buɗe motarta a kan benci. Baƙin gari ya zubo a tafin hannunsa kamar gawayin da aka daka. Ya nuna mini burushin kabon, 'yan ƙananan duwatsu baƙaƙe da sifirin ke turawa su riƙa gogar tagullar da ke juyawa, ta nan wuta ke shiga. Sun cinye, sun koma kamar ƙwayar masara, sifirin ya miƙe iya miƙewarsa yana taɓawa da ƙyar. A jikin tagullar kuma akwai wuri guda da ya ƙone ya yi baƙi. Ya ce idan motar ta tsaya burushi yana kan wuri mai kyau, za ta tashi. Idan ta tsaya a kan baƙin wurin nan, ga zafi ya sa ƙura ta danƙare burushin ya maƙale a gidansa, ba za ta tashi ba sai an girgiza ta. Wani lokacin ramin titi ne ke yi mini aikin sukurudireba ban sani ba. Shi ya sa duk bakaniken da ya gwada ta da safe, ko bayan ta huta, yake samun ta lafiya. Ba ƙarya suka yi mini ba, abin da suka gani suka faɗa. Laifin da nake gani a gare su guda ne, babu wanda ya tambaye ni a ina take yi, da yaushe.

Na tambaye shi batun dairek da aka ba ni shawara. Ya ce, "Da ka yi, da ka ƙarasa ta. Motar da burushinta ya ƙare ka ce ta yi ta gudu ba hutu? Wata rana a tsakiyar Falgore za ta tsaya gaba ɗaya." Dabul sel kuma, in ji shi, da ya ɗan jinkirta hawan allurar ne kawai, don lagireto komai girmansa sai da iska.

Muka taka zuwa cikin kasuwa tare da yaronsa muka nemo fanka 'yar Beljiyam. Mai shago ya ɗora ta a batir ta juya, ya ce ga shi nan. Yaron ya ce tsohuwar ma ai tana juyawa a batir, Baba ya ce a kawo da sharaɗin zai buɗe ya duba. Ta farko da aka buɗe burushinta ya yi rabi, aka mayar. Ta biyu da sauran tsawo sosai, tagullarta fes. Ita aka ɗaura.

Baba bai sallame ni a nan ba. Ya ce inji ya tafasa sau bakwai, dole a duba abin da zafin ya taɓa. Ya aika aka aro famfon gwaji, aka matsa wa lagireto iska aka bar shi, allurar famfon ba ta sauka ba, alamar babu yoyo a tiyo ko famfon ruwa. Amma murfin lagireto ya faɗi gwaji. An rubuta 0.9 a kansa, yana sakin iska tun bai kai rabin haka ba, robarsa ta tsage ta bushe. Ban taɓa ɗaukar murfin nan a bakin komai ba, ashe shi ke riƙe matsi, matsin kuma shi ke hana ruwa tafasa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, a Jos ma bai kai haka ba saboda tudu, amma a ƙarƙashin murfi mai lafiya sai ya kusa 120. Raunin murfin ne ya sa duk ranar da fanka ta yi gardama ruwa ke saurin tafasa ya tsere ta robar ajiya, in wayi gari in ga ya ragu babu ɗigo a ƙasa. Na sayi sabo.

Tamostat ɗina yana nan a aljihun ƙofa inda aka jefa shi. Baba ya sa mai shayin bakin layi ya ba mu ruwa a gwangwani, aka ɗora a wuta, aka ɗaure shi da waya aka zura. Tun kafin ruwan ya tafasa muka ga bakinsa yana buɗewa a hankali, da aka fito da shi ya sha iska ya rufe. Lafiyarsa ƙalau. Aka mayar da shi da sabuwar roba. Aka zubar da ruwan burtsatse, aka zuba ruwan lagireto na galan wanda aka riga aka gauraya, mai hana tsatsa. Baba ya ja kunnena a kan ragowar, ya ce yana da zaƙi kuma guba ne, kada in bar shi inda yaro ko akuya za su kai baki. Aka bar murfi a buɗe, hita a kunne, yaron yana matsa tiyon sama da hannu, kumfar iska tana fitowa ɗaya bayan ɗaya har ta ƙare, aka cika, aka rufe. Ya kuma ce ko da wasa kada in buɗe murfin nan inji na da zafi, ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini tabon da ya samu tun yana yaron gareji, daga wuyan hannu har gwiwa.

Na sayi irin ƙaramar na'urar nan na bar ta a soket. Ranar Juma'a ta biyu a watan Mayu, bayan an sauko daga masallaci, na sake faɗawa cunkoson Kantin Kwari, kusan daidai inda abin ya fara, yara uku a baya. Na jingina waya a gaban mita na kashe esi da gangan don in gani. 91, 93, 95. A 96 na ji fanka ta kama daga ƙarƙashin bonet, lamba ta tsaya, ta koma 94, ta koma 91. Minti arba'in muka yi a wurin, na ƙirga ta tashi sau shida. 'Yata ta ce, "Abba, don Allah a kunna esi mana." Na kunna.